Shekarar da Na Kai Maman Ngozi Kotu

Akwai maganar da ake yi a kaina a Fagge, na kuma san ta iso kunnenku ko da yake kunya ta hana ku tambaya ta. Ana cewa Modu tela ya rasa wanda zai maka a kotu duk faɗin Kano sai matar da ta yi shekara da shekaru tana yi masa alheri. Ba ƙarya suka yi ba, na kai ta. Sai dai masu ba da labarin daga ƙofar kotu suke farawa, ni kuwa daga fatata zan fara muku, don daga nan abin ya taso.

Ku duka Allah ya yi ku baƙaƙe kamar Innarku, iyakar saninku da rana ku ce yau ta yi zafi. Ni zabiya ne, kullum rana tana jira na a bakin zaure kamar mai neman faɗa. Na tashi a gidan nan da kakanmu ya gina bayan ya zo daga Barno, yara na bi na suna ihun "Bature, Bature", abin bai cika damu na ba, nakan juya in ce in ni Bature ne ina motata. Abin da ya firgita ni tun ina ƙarami shi ne yadda na ga zabayan da suka girme ni suna ƙarewa. Ɗan tabo zai fito wa mutum a kunne ko a wuya, ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, a yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har a kai shi makwancinsa. Da mahaifina ya ga haka sai ya ɗora ni a kan keken ɗinki, ba don ina da idon ɗinki ba, kun dai ga yadda nake manna fuska a jikin allura, sai don tela a inuwa yake wuni.

Na san Maman Ngozi ne lokacin da nake haɗa lefen Innarku. 'Yar ƙabilar Ibo ce, tana da shagon kayan shafa a kasuwar Sabon Gari, mai da sabulu da hoda da turare. Na shiga neman man amarya, sai ta bar cinikin ta ƙura wa goshina ido.

"Oga, me kake shafawa a fuskar nan?"

Na ce basilin.

"Basilin! Ka shafa basilin ka shiga rana? Kai kaza ce da za ka soya kanka?"

Raina ya ɓaci har na juya zan fita, ta riƙo hannun rigata ta zaunar da ni a kan benci. A nan ta gaya mini tana da ƙane zabiya a garinsu, wanda gyambo ya cinye wa rabin fuska kafin ya cika. Ta ɗauko wata 'yar farar roba daga bayan kantar shagon, ta ce wannan man rana ne, Turawa ke shafawa idan za su yi wanka a bakin teku, amma mu aka yi wa shi. Tun daga ranar take ajiye mana shi ba tare da ta ɗora riba ba. Na gaya wa wani, wani ya gaya wa wani, har shagonta ya zama wurin da zabayan Fagge da iyayen ƙananan zabaya ke haɗuwa. Duk wanda ya zo ba malafa sai ta wanke shi tas kafin ta ba shi mai. Babu sunan ɗayanku da ba ta zo ba, da atamfarta da sabulun jariri, ta zauna cikin mata ta ci tuwo har ta roƙi ƙarin miya.

Shekarar da nake magana a kai, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, man rana kuwa ya yi tsadar da da yawa daga cikinmu suka haƙura da shi. Ana nan sai wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga Ikko ya tallata mata katan-katan na man a araha, arahar da ya kamata ta sa mutum tambaya. Ita ba ta tambaya ba, ta ɗauka Allah ne ya buɗe ƙofa. Ta saya da kuɗin aljihunta, ta aiko a kira mu, ta ce ba ta azumi amma ga nata shan ruwan. Kyauta ta raba shi, ko sisin kwabo ba ta karɓa ba. Ban manta fuskarta a ranar ba, tana miƙa wa uwaye robobi tana 'yar rawa a bakin shago, mu kuma muna ta sa mata albarka.

Bayan salla ne ke Yagana kika shigo shagona da waya a hannu, kika ce in duba wani hoto. Na kai shi dab da hancina, na ga robar man da ke aljihuna ce sak. Kika karanta mini cewa kamfanin da ya yi shi a ƙasar waje ya daɗe da janye shi daga kasuwa, don an gano wani sinadari ya gurɓata shi, sinadarin da likitoci suka ce yana iya jawo ciwon daji a jini idan aka daɗe ana shafawa. Mutanen can har sun kai kamfanin ƙara. Muka juya gindin robata muka gwada lambar da ke jiki da wadda aka buga, suka zo ɗaya. Wato abin da aka kwashe daga kantunan can don a lalata, shi wani ya loda a jirgin ruwa ya kawo mana.

Na tara mutanenmu a shagona na yi musu bayani, amma yawancinsu ba su yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Man ba ya ƙaiƙayi, ba ya ƙuna, ƙamshinsa ma ya fi na wanda muka saba. Wata baiwar Allah daga Rijiyar Lemo mai 'ya'ya biyu zabaya ta miƙe ta ce:

"Malam Modu, abin da rana ke yi muna gani da idonmu. Wannan kuma da kake faɗa, a ina za mu gan shi? In na hana yaran nan mai, da me za su je makaranta?"

Waɗanda suka yarda da ni kuwa, su ne suka fi ba ni ciwon kai. Sun ɗauka maganar ita ce man ba ya tare rana, ke nan bai da amfani ga zabiya amma mai ne kamar kowane mai, a garin nan kuwa ba a zubar da mai. Sai suka miƙa wa matan gida. Wannan na shafa wa faso, waccan na shafa wa kaushi, wata ta ajiye na kitso. Na dawo gida na tarar da Innarku zaune a kan tabarma tana mulke dugaduganta da robar da na jefa a kwandon shara da hannuna, ta ce ai ta ga asara ce. Da na tambayi inda sauran man yake, ta ce ta ba maƙwabciyarmu mai jego ta riƙa shafa wa jariri bayan wanka. A guje na fita ba ko takalmi.

Ranar da na kai wa Maman Ngozi labarin, zama ta yi a kan katan ta ɗora hannu biyu a ka tana kiran sunan ƙanenta. Ta kira ɗan kasuwar a gabana, ya ce kayan da aka saya ba a mayarwa, ya kashe waya. Ita da kanta ta bi gidajen da ta sani tana karɓo abin da ya rage. Da abin ya tsaya nan da ba ku ji sunan kotu ba. Amma ba a daɗe ba wani abokin cinikina da ke cin kasuwannin ƙauye ya kawo mini irin robar, ya ce ga abin da masu talla ke sayar wa mata a can. Suna ce musu wannan ne man da zabaya ke shafawa, shi ya sa suka yi fari haka. Na yi dariya har da hawaye, daga baya na gane abin ba na dariya ba ne. Mutumin yana da sauran kaya maƙil a sito, kuma ya samu hanyar da zai ƙarar da su a jikin mata da 'yan mata.

Aka haɗa ni da wani matashin lauya, Barista Nasiru, mai ofis a Titin Ibrahim Taiwo, ɗan gidan malamai ne mai sanyin magana. Ya ce zai tsaya mana don Allah. Ya ce kotu za ta iya tilasta wa mutumin ya kwaso kayansa daga kasuwa ya kuma ɗauki nauyin duba lafiyar waɗanda suka shafa, amma akwai gargada. Babu ɗayanmu da ya taɓa ganin ɗan kasuwar, ba mu sayi komai a hannunsa ba. Zai ce bai san mu ba, kuma gaskiyarsa. Mutum ɗaya ce za ta iya tsayawa ta ce daga hannunsa man ya fito.

Na koma wurinta na roƙe ta ta yi mana shaida. Ta ce:

"Modu, ba zan iya ba. In na tashi da ƙafata na nuna ɗan'uwana ɗan kasuwa a gaban alƙali, babu wanda zai sake aiko mini da kaya daga Ikko. Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ma ba za ta bar ni ba. Ina da marayu a makaranta."

Mijinta ya riga ya rasu a lokacin, kuma duk abin da ta faɗa haka yake. Da na mayar wa Barista, ya ce to saura hanya ɗaya. A sa sunanta cikin waɗanda ake ƙara, tare da ɗan kasuwar. In ta zo kare kanta dole ta faɗi inda ta samo man, kuma 'yan ƙungiyarsu ba za su ce ita ta kai kanta ba. Ya ce yana da yaƙinin kotu za ta wanke ta. Ya kuma ce a cikinmu ni ne babba, sunana ne zai hau gaba.

Gidan nan bai taɓa ɗaukar zafi irin na wannan lokacin ba. Innarku, wadda ba ta saba ɗaga mini murya ba, ta tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu.

"Malam, kyauta fa ta ba ka. Kyauta! A ina ka taɓa jin an kai mai kyauta gaban alƙali? Matar da ta ci tuwon sunan 'ya'yanka? Wallahi in ka yi wannan ba ni da fuskar da zan sake shiga Sabon Gari."

Na ce: "Hajiya, jaririn da aka shafa wa fa? Na ƙauye da ba su da Yagana mai karanta musu waya fa?"

"Allah zai kare su."

"Allah zai tambaye ni, ni da na sani."

Yayana Alhaji Bukar ya aiko a kira ni, ya ce gidanmu tun zuwansu Kano ba a taɓa jin sun yi shari'a da kowa ba, kada in fara da cin amana. Na saurare shi har ya gama, don yayana ne. Amma shi bai taɓa raka zabiya asibiti ba, ni kuwa na raka har na gaji. Na yi istihara, zuciyata ba ta sauya ba, na je na sa hannu.

Abu ɗaya na roƙi Barista, kada masinjan kotu ya riga ni isa wurin Maman Ngozi. Da safe na je, tana jera sabulai. Na gaishe ta, na kasa zama, na faɗa mata a tsaye. Na yi mata duk bayanin lauya, cewa hanya ce kawai, cewa za a wanke ta. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Ni za ka kai kotu, Modu?"

Na ce ba ke nake nema ba.

"Amma sunana ka rubuta."

Ba ta yi ihu ba, ita da ake jin muryarta daga layi na uku. Ta ci gaba da jera sabulanta, ta juya mini baya. Na daɗe a tsaye kafin na gane an sallame ni. Na sha zagi a rayuwata, amma babu wanda ya yi mini ciwo kamar wannan shirun.

Abin da ni da Barista ba mu hango ba shi ne bakin mutane. Da ƙarar ta shiga, jami'an hukuma suka zo suka garƙame siton ɗan kasuwar, suka kuma rufe shagon Maman Ngozi har a gama bincike. Kafin la'asar labari ya canza kama. Wai wata Ibo a Sabon Gari ta raba wa Musulmi guba cikin azumi. Kun san garin nan, kun san abin da irin wannan magana ke iya haifarwa. Washegari aka ce mini an ga matasa suna taruwa a layinta suna nuna ƙofar shagon, wasu na tambayar inda gidanta yake. Na rufe kekena da kayan mutane a kai, na ɗauki malafa da benci na je na zauna a ƙofar shagon nan. Rumfarta an naɗe, ba inuwa ko ta tafin hannu, man rana kuwa ba ni da ko ɗigo. Duk wanda ya tsaya sai in ce masa:

"Ni ne Modu da ya kai ƙara. Ni na shafa man, a fuskar nan. Matar nan ba ta cuce ni ba, ita ma cutar ta aka yi. Mai neman ta ya fara da ni."

Wani saurayi ya ce an saye ni. Na ce ya dube ni da kyau, wa zai sayi kayan da rana ta gama da shi? Aka yi dariya, kuma dariyar ta taimaka fiye da wa'azi. Rana ta biyu sai ga matar Rijiyar Lemo da 'ya'yanta, sai ga wasu zabayan, muka jeru fari fat a bakin shago, 'yan kasuwa na leƙowa. Da azahar sai ga Innarku, wadda ta rantse ba za ta sake shiga Sabon Gari ba, ta zo da lema. Ta buɗe ta a kaina ta tsaya. Haka muka yi ta yi har ƙurar ta lafa. Tabon da ke bayan wuyana, wanda likita ya yanke daga baya kuke cewa man ne ya jawo, ba man ba ne. A ƙofar shagon nan na samo shi, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

Zaman kotu bai yi armashin da kuke zato ba, yawancinsa jira ne da ɗagawa. Ranar da aka kira ta, ta shiga akwatin shaida da baƙaƙen kaya, ta faɗi yadda aka tallata mata man da wanda ya kawo shi, ba ta rage komai ba. Da lauyan ɗan kasuwar ya tambaye ta ribar da ta ci, ta ce ya tambayi wancan mai malafar. Shi ne kawai lokacin da ta dubi inda nake. Daga ƙarshe mutumin ya nemi sulhu. Aka kwaso abin da ya rage a sito da kasuwanni aka ƙona a gaban hukuma, aka duba jininmu a asibiti, aka ba mu man kirki na wani lokaci. Kotu ta ce Maman Ngozi ba ta da laifi, kamar yadda Barista ya faɗa. Sai dai kafin a buɗe mata shago kayanta sun lalace, masu ba ta kaya sun janye, masu saye sun koma wani layin. Hukuncin alƙali bai dawo mata da ko mutum ɗaya ba. Ta sayar da shagon ta ce za ta koma garinsu, bayan ta yi fiye da rabin rayuwarta a Kano.

Ba ta gaya mini ranar tafiyarta ba, a bakin maƙwabtanta na ji. Na same ta a tashar manyan motoci ta Sabon Gari, zaune a kan buhun kayanta. Na durƙusa a gabanta da furfurata, mutane na kallo, na ce ban zo in ce na yi kuskure ba, don in aka maimaita haka zan sake yi, amma na san abin da na jawo mata, ta yafe mini. Ta dube ni ta ce:

"Ban sani ba tukuna, Modu. Ka tambaye ni baɗi."

Na riƙe maganar. Da shekara ta zagayo na kira ta a waya, ta tambayi Innarku, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ta tambayi wuyana. Da na kawo maganar ta ce tukuna. Haka muke yi kowace shekara tun daga lokacin. Bara na ce mata, Madam, ni fa na tsufa, ke ma kin tsufa, kada ɗayanmu ya tafi da wannan abu a wuya. Na ji ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin shari'a, sannan muryarta ta karye.

"Kai Modu, ba ka da wayo. In na ce na yafe, wa zai riƙa kira na daga Kano?"